Sungumi a Motar Masu Fibir

Ban taɓa mantawa da safiyar da na iso shantiye, wato wurin aikinmu, na tarar babu ko mutum guda ba, kuma ba ni jin zan manta ko haƙora sun zube. Tunda kun dame ni da tambaya bisa sungumin nan da ke kwance bayan motata cikin kayan aiki, har Abdu na cewa wai tsoron 'yan fashi nake, to ku gyara zama, ƙannena. Shayin ma bai nuna ba.

Lokacin ni ne shef na ekip, wato shugaban masu gina rami da shimfiɗa tiyo. Bisa gare ni akwai injiniya, Madam Fati, tana Yamai, ita ke riƙe da aikin duka. Bisa gare ta kuma akwai manya waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Aikin shi ne mu jawo fibir daga wajen Bonkuku mu hau da shi Filinge. Ku da kunka zo kwanan nan, fibir zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai. Haske ke gudu cikinsa, shi ke ɗauke da magana da hoto da duk abin da kuke latsawa cikin waya har ku manta da sallah.

Ga yadda ake binne shi. Ana gina rami, zurfinsa ya kai ƙugun mutum. A shimfiɗa rairayi mai laushi, a kwantar da tiyo uku. Guda ake zura wa fibir, biyun a toshe bakinsu a bar su wofi saboda gaba. A ƙara rairayi, a shimfiɗa wata raga ta roba koriya, don duk wanda ya zo gina wata rana ya gan ta ya tsaida digarsa. Sannan a cika ƙasa, a bi da injin dannewa har ta yi tauri. Kuma ba a rufe rami sai kontorola, mai duba aiki, ya zo ya gani ya ce a rufe.

Na yi wannan aiki cikin duwatsun Agadas, na yi shi a Gaya inda sauro ke ɗaukar mutum da tabarmarsa, na yi shi har Kwatano. Amma a wani ƙauyen Kurfai mai suna Dogon Gawo na san ban gama koyo ba.

A wurin hanyar layin matsattsa ce, gonaki dama, gonaki hagu, sai anka ce a yi ginar da hannu. Munka ɗauki mazan garin. Babbansu wani dattijo ne, Baba Arzika, dogo, busasshe, ba ya ɗaga murya amma in ya yi tari kowa ya kama diga. Ni kuwa Ba'adare ne, kun san wasan da ke tsakaninmu da Kurfayawa. Tun ranar farko da ya ji harshena ya ce, "Lalle yau mun shiga uku. Gwamnati ta rasa wanda za ta aiko mana sai mai warin albasa."

Na ce, "Baba, an duba an ga in ba a aiko ubangidanku ba, barci za ku yi."

Daga nan munka ɗinke.

Layin ba nasu ba ne a lokacin. Ratsa ƙasarsu kawai zai yi ya wuce Filinge. Abin da anka bar musu shi ne akwatin siminti a bakin gari, inda za a jawo musu reshe in lokaci ya yi. Su kuwa in za su kira ɗiyansu da ke ci-rani, sai sun hau wani tudu suna ɗaga waya sama kamar masu neman wata. Ranar da munka kwantar da tiyo, Baba Arzika ya tsaya bakin rami ya daɗe shina kallo.

Ya ce, "Ba'adare, biyun ga mi za a sa ciki?"

Na ce, "Ba komi, Baba. Na gaba ne. Ranar da za a kawo muku rezo mai ƙarfi, wayarku ta riƙa kamawa ba sai kun hau tudu ba, ba sai an sake gina ba, zura zare kawai za a yi."

"Yaushe ne gaban?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya girgiza kai. "Ku binne abu, ba ku san ranar tashinsa ba, ku tahi. Ashe Adarawa ma sun san tawakkali."

To, ramin da munka buɗe ya taso ne daga bisa tudu, ya gangara tsakanin gonaki, ya sauka har kwarin da rijiyar gari take. Dogon rami ne, in ka tsaya a kansa ba ka gane mutumin da ke ƙarshensa. Kontorola ya yi mana jinkiri, sai da damina ta ƙarato ya zo, ya duba, ya ce a rufe. Munka ce gobe da sassafe. Injin dannewarmu kuma ya lalace, an kai shi Filinge wajen gyara. Da la'asar ɗin nan ruwan farko ya sauka. Ruwa mai hankali, ba iska, ya jiƙa ƙasa sosai ya ɗauke. Ramin bai ji komi ba.

Da safe na zo. Digogi da shebur an jera su tsaf gindin gawo, kamar takalma a ƙofar masallaci. Ba mutum, ba yaro, ko kare babu. Ni da na girma a ƙauye, kafin in rufe ƙofar mota na san inda suke. Ruwan shuka ya sauka.

Na same su cikin gona. Maza na gaba suna sara da sungumi, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Baba Arzika bai ko tsaya ba, sai da na bi shi ina magana.

"Baba, ramin fa?"

Ya duƙa ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannunsa ya shige, ya damƙo ta ya nuna mini. "Ka ga laimar ga? Baƙuwa ce, ba ta daɗewa. In ta tahi ba mu shuka ba, shekara ta tahi."

Na ce, "In ruwa na biyu ya zo ramin na buɗe, ƙorama zai zama. Zai kwashe tiyo, ya ci gonakinku, ya zuba yashi cikin rijiya."

Ya ce, "Na sani. Gonata ce ta farko da zai ci. Amma wanda bai shuka ba, mi ruwa zai ci mishi?"

Mu 'yan ekip ba mu kai mu rufe wannan rami mu kaɗai ba ko da za mu kwana bakwai muna yi. Na hau tudun wayarsu, na ɗaga tawa sama kamar kowa, na kira Madam Fati. Na gaya mata komi.

Ta ce, "Shef Isufu, akwai katafila a shantiyen da ke bayanku. In sa a ɗoro ta bisa babbar mota, ta rufe ramin cikin yini."

Na ce, "Madam, in ta shiga, ƙafarta guda bisa rami, guda bisa shukar mutane. Daga tudu har kwari. Za mu rufe rami, amma ranar da munka dawo kawo reshe ba mai ba mu ruwan sha."

"To mi kake so?"

"Ki bar mini mutanena da motoci biyun nan. Mu taya su shuka su gama da wuri, su kuma su taya mu rufi."

Ta ce, "Ka san abin da kake roƙo? Manya na jiran su ga ko aikin hannu da mutanen gari na tafiya. In ruwa ya kwashe tiyon nan, za su ce ba ya yi, su jingine maganar kai reshe ƙauyuka. Ba kai kaɗai za ka ji a jikinka ba."

Na ce, "Na sani, Madam."

Ta ce, "Ubana manomi ne, ba sai ka fassara mini ruwan shuka ba. Je ka yi. Amma katafila za ta taso. In na ga hadari ramin na buɗe, zan sa ta shiga, kuma ba zan nemi izininka ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta zalunce ni ba.

Na tara ekip na ce yau ba fibir, hatsi za mu binne. Sunka dube ni kamar na sha wani abu. Amma sunka hau mota. Babban taimakon ma motocin ne. Mutanen garin na da gonakin daji masu nisa, inda tahiya kaɗai ke cinye rabin yini. Munka riƙa kwasar mata da iri da ruwan sha muna kaiwa, in an gama nan mu ɗauke su mu kai can.

Akwai Hamani cikinmu, wanda ke haɗa zaren fibir in an yanke, wanda yanzu shi ne shef ɗinku na wajen haɗi. Haihuwar Yamai, girman Yamai, hatsi bai san shi ba sai cikin ƙwarya an dama. Anka ba shi iri, ya cika tafinsa ya juye cikin rami guda. Matar Baba Arzika, Inna Kande, gajeruwa mai baki kamar reza, ta dafe kai.

"Kai ɗan Yamai! Hura za ka dama a ramin? Yatsu uku, ɗana, yatsu uku. Abin da sunka tsinto shi ne rabon ramin."

To kun san hannun Hamani. Mutumin da ke gama gashin gilashi da gashin gilashi, yatsu uku ba su gagare shi. Kafin azahar Inna Kande na nuna shi ga 'yan matan garin tana cewa su koya. Har yau in kun so ku ga ya yi fushi, ku ce mishi an aiko daga Dogon Gawo ana neman surukin Inna.

Ni kuwa anka ba ni sungumi. Rabona da shi tun ina saurayi a garinmu. Hannu ya tuna, amma ƙafa ta manta. Da na waiga na ga layin da na sara, ya yi gabas, ya yi kudu, ya dawo.

Baba Arzika ya ce, "Ku zo ku ga layin Ba'adare. Ko a gona sai ya je ci-rani ya komo."

Na ce, "Baba, hatsin da ya ga duniya ya fi daɗin tuwo."

Munka yi ta yi, har gonakin matan da mazansu ba su dawo daga bakin teku ba munka shuke su. Laima ba ta tsere wa kowa ba. Da anka rufe ramin shuka na ƙarshe, mai gari ya sa anka yi shela: gobe gayya, kowa da abin tura ƙasa, bakin ramin baƙi.

Ranar gayyar an tashi da wani zafi mai nauyi, iska ta tsaya cik, irin wanda tsofaffi ke duban gabas su yi shiru. Liman ya yi fatiha. Makaɗin da ke yi wa 'yan bori kiɗa ya rataya gangarsa. Nan garin ba a rabe wa aiki, mai zuwa masallaci da mai bin na kakanni duk kafaɗa guda. Munka bi ƙa'ida, rairayi, raga koriya, ƙasa. Mutum ya yi yawa har shebur ya kasa, wasu da ƙwarya, wasu da faranti, wasu da allon ƙofa suna turawa. Kafin rana ta take tsaka ramin ya cika daga tudu har kwari. Na fara jin kaina kamar gwamna.

Sai ga motar Madam Fati, bayanta babbar mota ɗauke da katafila. Ta sauko ta gaida mai gari da dattawa yadda ya kamata, sannan ta taka bisa ramin. Ƙafarta ta nutse har idon sawu. Ta dube ni.

"Shef, wannan ba rufi ba ne, lulluɓi ne. Ruwan farko zai kwashe shi kamar gari. Ina injin dannewa?"

"Shina Filinge, Madam, cikinsa a waje."

Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Ni ma na duba. Hadari ya fara haɗa baƙi can ƙasa-ƙasa. Direban katafila ya riga ya fara kwance sarƙoƙi. Kiɗa ya tsaya. Ga shukar mutane dama da hagu, wadda munka zuba da hannunmu, wani wurin har ta fara huda ƙasa. Wallahi ƙannena, na sha shiga matsi cikin aikin ga, amma ban taɓa shiga irin na lokacin ba.

Inna Kande ta kutso tsakanin maza. "Mi anka yi kuma? Mi 'yar nan ke so?"

Na ce, "Inna, so ake ƙasar ta danne ta yi tauri, ruwa ya bi ta bisa bai tona ba. Injin da ke yi ya mutu."

Ta riƙe haɓa. "Au! Daɓe kuke so? Shi ne kunka tsaya kuna zare ido? Wa ke daɓe ɗakunan garin ga, inji?"

Madam Fati ta matso. "Inna, zai yi. Amma ba daga bisa kaɗai ba. Sai an kwashe rabin ƙasar, a yayyafa ruwa, a daɓe na ƙasa, a maida sauran, a sake daɓewa. In an yi haka na yarda."

Inna ta ce, "'Yar nan ta san ɗaki. Wa ya gaya miki ana daɓe da hawa guda?" Ta juya ta rangaɗa guɗa.

Abin da na gani bayan nan ban gan shi ba ko'ina cikin yawona. Mata sunka watse cikin gari sunka dawo da madaɓai, itacen nan mai faɗin baki da ake bugun ƙasan ɗaki da shi. Waɗanda ba su samu ba sunka ɗauko taɓare. Maza na gaba suna kwashe rabin ƙasa, jakuna na kawo ruwa daga rijiya ana yayyafawa, mata na biye a durƙushe cikin layi, bugu guda, murya guda. Bayansu wasu mazan na maida ƙasa, wani layin matan na sake bi. Ganga ta dawo. Inna Kande ke ba da waƙa, kuma ba sai na gaya muku wa anka sa ciki ba. Wai Ba'adare ya zo da rami ba shi da murfi, a tausaya mishi, uwarsa na nesa. Mata ɗari na amsawa, ni ina tsaye da hular kwano ina zufa. Madam Fati na bin su da sandar ƙarfe tana soka ƙasa. Inda ya shige ta ce a sake, a sake ba gardama. Can na waiga na ga ta tuɓe takalmi ta karɓi madaɓi hannun wata tsohuwa. A wuraren gangara kuma ta sa munka jera duwatsu a gicciye don su karya gudun ruwa.

Iskar hadari ta iso muna kusa da akwatin siminti. Zannuwa na tashi, yashi na shiga ido, ba wadda ta miƙe. Ɗigon farko ya faɗo bisa wuyana ana bugun taki na ƙarshe. Sannan sama ta buɗe. Munka ruga rumfar lakkwal, makarantar bokon garin, munka cunkushe, mu da su da awaki.

Daga nan muna hangen tudun. Ruwa ya taso ja wur, ya biyo layin ramin kamar ya san hanya, ya tarar da ƙasa ta yi tauri kamar tsakar ɗakin amarya. Ya bugi duwatsu, ya rabu, ya bazu cikin gonaki a hankali. Can ruwa ya tsagaita. Madam Fati ta hita cikin yayyafi, ta bi layin da ƙafa tun daga kwari har bisa, ta dawo jiƙe sharkaf. Ta ce wa direban katafila, "Ɗaure sarƙoƙinka." Katafilar nan ta koma ba ta taɓa ƙasar Dogon Gawo ba.

Ranar da za mu tashi, Baba Arzika ya zo da sungumin da na yi aiki da shi.

Ya ce, "Ba'adare, mun shuka namu, kun shuka naku. Namu kafin kaka ya nuna. Naku fa?"

Na ce, "Namu shina da nawa, Baba. Amma iri ne mai kyau."

Ya miƙo mini. "Riƙe. Ba kyauta ba ce, kada halinku ya motsa. Ranar da naku ya tsiro, ka maido mini da hannunka."

Shi ne wannan da kuke gani. Damina nawa ke nan shina yawo da ni, ya je Dosso, ya je Zandar, ya fi wasunku sanin ƙasa.

Abin da nake so ku riƙe, aikinmu ba na gilashi da haske ba ne kaɗai. Kowane zare da kunka binne, cikin abincin wani yake kwance. Ku san kalandar biro, ta manyan ofis, amma ku san ta sama, kada ku bar rami buɗe a bakin damina. In mutane sun aje muku diga sun tahi, kada ku ce ƙyuya, ku bi su ku ga abin da ya fi ku. Kuma layin da mutanen gari sunka daɓe da hannunsu ba ya son mai gadi. Tun daga ranar ba a taɓa kiranmu gyara a wannan yanki ba. An ce ko yaro ya zo tona gara kusa da shi, tsofaffin mata ke kore shi.

Kun dai ji abin da Madam ta faɗa a taron shekaranjiya. Bayan kaka za a fara jawo rassa zuwa ƙauyukan Kurfai, lakkwal da ɗakin likita su fara samu, sannan gidaje. Dogon Gawo na ciki. Ku ne za ku buɗe akwatin simintin nan ku zura zare cikin tiyon da munka bari wofi. An so a bar ni a biro saboda gwiwa, na ce wannan tahiyar ko bisa jaki sai na je. Na aika an tambayo, tsohon na nan da ransa, bakinsa ma bai rage ba.

Zan sauka in yi sallama, in miƙa mishi da hannu biyu in ce, "Baba, ga kayanka. Ya tsiro." Na san abin da zai ce. Zai juya shi, ya duba ƙota, ya duba baki, ya kira Inna Kande ya ce ta zo ta ga abin mamaki, Ba'adare ya ari abu ya maido.

Abdu, zuba shayin nan, ya nuna.